Nazarin Shari'ar Musulunci Daga Zaure Zuwa Jami'a: Abubuwan Da Ya Kamata Ka Sani

Kowace safiya kotunan shari'a a Kano, Sakkwato, Zariya da Maiduguri suna cika da jama'a. Wannan ta zo neman ciyarwar 'ya'ya daga tsohon mijinta, wancan yana jayayya da 'yan'uwansa kan gonar gado, wani kuma bashi ya biyo. Mafi yawansu ba su taɓa buɗe littafin fiƙihu na Muhtasar ba, ba su kuma san akwai wasu malamai a jami'o'i da ke ƙarar da rayuwarsu wajen nazarin shari'a ba. Duk da haka, hukuncin da za su koma gida da shi ya rataya ne a kan zurfin karatun alƙalin da ke gabansu, da littafin da ya dogara da shi, da kuma dokar da wasu masana suka zauna suka tsara. Saboda haka nazarin shari'a ya shafi kowa, ya kuma kamata mu san yadda ake yin sa, da su wa ke yin sa, da inda yake da rauni a wurinmu.

Me ake nazarta in an ce ana nazarin shari'a?

Abu na farko da malamai ke bambance wa ɗalibi shi ne Shari'a da fiƙihu. Shari'a ita ce abin da Allah Ya saukar, wanda ke cikin Alƙur'ani da Sunnar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Fiƙihu kuwa shi ne abin da malamai suka fahimta daga waɗannan tushe biyu, suka fitar da hukunci a kan ayyukan mutane. Kamar rijiya ne da guga: ruwan rijiyar ɗaya ne, amma kowa gwargwadon igiyarsa da ƙarfin hannunsa yake ɗebowa. Shi ya sa aka samu mazhabobin Abu Hanifa, Malik, Shafi'i da Ahmad bin Hambal, kowacce da hanyarta, kuma malamansu suna girmama juna.

Ilimin ya kasu gida biyu. Akwai rassa, wato hukunce-hukuncen tsarki, salla, aure, saki, ciniki, gado da laifuffuka. Akwai kuma usulu, wato ƙa'idojin da ake bi wajen ciro hukunci: yaya ake yi in nassi biyu suka yi kamar sun ci karo, yaushe ake ƙiyasi, mene ne matsayin al'adar gari. Mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ta shahara da ba aikin mutanen Madina muhimmanci, da lura da maslahar jama'a, da toshe ƙofar da za ta kai ga ɓarna.

A kan waɗannan ne jami'o'in zamani suka ƙara wasu tambayoyi. Yaya wannan hukunci ya samo asali a tarihi? Me alƙalai suka riƙa yi da shi a zahiri? Wane tasiri yake yi a kan mace, maraya da talaka a yau? Yaya zai zauna da tsarin mulkin ƙasa? Waɗannan tambayoyi suna buƙatar kayan aikin tarihi, lissafi, tattalin arziki da nazarin zamantakewa, bayan Larabci da fiƙihu.

Tsanin karatun da muka gada

Ƙasar Hausa ta daɗe da malaman fiƙihu. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya sauka Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan yadda ake mulki bisa shari'a. Bayan jihadin 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar ɗimbin rubuce-rubuce kan mulki, alƙalanci, kasuwa da haƙƙin mata. Abdullahi ya rubuta Diya'ul Hukkam ne a Kano, bisa roƙon mutanen garin da ke neman jagora kan yadda za su tafiyar da hukunci.

Karatun zaure yana da tsani da kowane almajirin ilimi ya sani. Ana farawa da Ƙawa'idi, a shiga Ahalari, Ishmawi da Iziyya, sannan Risala ta Ibnu Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a shekarar 996 Miladiyya. Daga nan sai Askari, wanda wani Bakatsine, Abubakar bin Hasan Alkashnawi, ya yi wa sharhin Ashalul Madarik da ake karantawa har a ƙasashen Larabawa. Ƙololuwa ita ce Muhtasar ta Shehu Halilu na Masar, wadda almajirai ke kasawa Lauwali da Sani. Mai niyyar alƙalanci kuma sai ya haɗa da Tuhfa ta Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa a Andalus.

Yadda ake karatun ma abin lura ne. Ɗalibi zai gurfana gaban malam da littafinsa, ya ja baƙi jimla ɗaya, malam ya fassara masa da Hausa kalma bayan kalma, ya warware lamirin da ya ɓuya, ya kawo abin da masu sharhi suka ce. Sauran ɗalibai suna zaune suna saurare har layi ya zo kansu. Mutum kan shekara da shekaru a kan Muhtasar kaɗai, domin jimlolinta a dunƙule suke ƙwarai, kalma biyu na iya ɗaukar mas'alar da za a yini ana warwarewa. Wannan tarbiyya tana haifar da malamin da ya san nassin littafi ciki da bai, ya san mashhurin zance da mai rauni. Abin da ba ta cika koyarwa ba shi ne tarihin yadda hukuncin ya kai ga shiga littafin, da yadda za a yi da al'amarin da marubucin bai taɓa gani ba, kamar fansho ko hannun jari.

Abin da zuwan Turawa ya sauya

Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ba su rushe kotunan alƙalai ba. Sun bar su suna aiki ƙarƙashin sarakuna, amma suka hana yanke hannu da jifa, suka kuma ba jami'ansu ikon duba hukunci. Domin su san abin da alƙalai ke karantawa, wani jami'insu mai suna Ruxton ya fitar da taƙaitacciyar fassarar Muhtasar da Turanci a 1916. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. A nan ne aka fara koyar da fiƙihu a aji, da allo da jarrabawa da takardar shaida. Shehu Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, yana cikin waɗanda suka fito daga cikinta.

Wata shari'a ta 1947 ta fito da rikicin da ke tsakanin tsarin biyu fili. Tsofo Gubba ya kashe wani mutum cikin fushin da aka tunzura shi. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa, domin a Malikiyya kisan ganganci ƙisasi ne muddin magada suka nema. A dokar Turawa kuwa tunzurawa tana sassauta laifin. Kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, al'amarin da ya tayar da hankalin sarakuna da alƙalai, aka kwashe shekaru ana kai-komo kan wace doka ce ke sama.

Gab da samun 'yanci, a 1958, gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana. Shugabansa shi ne Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, a cikinsa kuma akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan. Shawararsu ce ta haifar da kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka gina a kan na Sudan, ya fara aiki a 1960. Daga lokacin aka cire laifuffuka daga hannun fiƙihun Malikiyya kai tsaye, aka bar masa aure, saki, gado, wasiyya da sauran hulɗar jama'a, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Darasin da ke nan babba ne: rahoton masana kaɗan ya sauya yadda ake hukunta miliyoyin mutane na tsawon shekara 40.

Manyan muhawarori a tsakanin masana

Muhawara ta farko a kan asali ce. A 1950 wani Bajamushe, Joseph Schacht, ya wallafa littafi yana da'awar cewa mafi yawan hadisan hukunci an ƙirƙire su ne a ƙarni na biyu na Hijira, aka jingina su ga Annabi. Ra'ayin ya mamaye jami'o'in Turai shekaru da dama. Wanda ya yi masa raddi mafi ƙarfi shi ne Muhammad Mustafa A'azami, malamin hadisi ɗan asalin Indiya da ya yi digirinsa na uku a Kambirij. Ya bi misalan Schacht ɗaya bayan ɗaya, ya nuna inda ya karanta nassi ba daidai ba da inda ya gina hukunci gama-gari a kan misali ƙalilan. Daga baya wani Bajamushen, Harald Motzki, ya nazarci Musannaf na Abdurrazzaƙ ya nuna cewa ana iya bin sawun ruwayoyi da yawa har zuwa ƙarni na farko. Abin lura shi ne da bincike aka rushe bincike. Zagi da fushi ba su taɓa kawar da wata da'awa daga jami'a ba.

Ta biyu a kan ijtihadi ce. An daɗe ana maimaita cewa an rufe ƙofar ijtihadi tun wajen ƙarni na huɗu na Hijira, malamai suka koma kwaikwayo zalla. A 1984 Wael Hallaq, Bafalasɗine da ya koyar a Kanada sannan Amurka, ya wallafa maƙalar da ta nuna cewa malamai ba su taɓa haɗuwa a kan rufe ƙofar ba, kuma littattafan fatawa cike suke da sababbin amsoshi ga sababbin matsaloli. Wanda ya san rubuce-rubucen malaman Sakkwato ba zai yi mamakin wannan ba.

Ta uku, wadda ta fi shafar mu a yau, ita ce zaman shari'a a cikin gwamnatin zamani. A da, fiƙihu yana hannun malamai ne, alƙali yana da sararin duba maganganu daban-daban. Daular Usmaniyya ta Turkawa ce ta fara mayar da shi kundi mai lambobi, wato Majalla, tsakanin 1869 da 1876, mai sassa 1,851 bisa mazhabar Hanafiyya. Masu goyon bayan kundi suna cewa yana hana alƙali son zuciya, yana sa talaka ya san dokar da za a yi masa hukunci da ita. Masu suka, irin su Hallaq, suna ganin da zarar majalisa ta zaɓi magana ɗaya ta mayar da ita doka, to iko ya tashi daga hannun malamai ya koma hannun 'yan siyasa. Abdullahi Anna'im na Sudan ya tafi nesa da haka, yana ganin bai kamata gwamnati ta tilasta shari'a ba sam, ra'ayin da mafi yawan malamai suka ƙi amincewa da shi. Kowane ɓangare yana da hujjar da ya kamata a saurara kafin a yanke.

Akwai kuma masu tono tsofaffin rajistocin kotu don su ga abin da ya faru a aikace. Rajistocin kotunan Usmaniyya a Istanbul, Alƙahira da Ƙudus sun nuna mata suna kai ƙara da kansu, suna mallakar gidaje, suna yin waƙafi. A nan gida, Allan Christelow ya fassara wasu hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, inda ake ganin rigingimun gona, bayi da diyya kamar yadda aka rubuta su a lokacin.

Darasin shekarar 2000

Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, dokar ta fara aiki a Janairun 2000. Cikin shekara biyu wasu jihohi 11 suka bi sahu. Jama'a sun yi murna domin suna ƙishirwar adalci. Sai dai an rubuta wasu kundayen cikin gaggawa, jiha tana kwafar ta jiha, kuma alƙalai da yawa na ƙananan kotuna ba su samu horo kan sharuɗɗan haddi ba, alhali a nan ne fiƙihu ya fi tsanantawa wajen hujja.

Shari'ar Amina Lawal ta nuna abin da wannan ke haifarwa. A Maris 2002 wata kotu a Bakori ta yanke mata hukuncin jifa saboda ta haihu ba ta da aure, kotun Funtuwa kuma ta tabbatar. Duniya ta ɗauka, ana ta zanga-zanga a Turai. Amma abin da ya kuɓutar da ita yana cikin littattafan Malikiyya. Lauyoyinta, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim da abokan aikinsu, sun tsaya gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina da hujjojin fiƙihu. Na ɗaya, wanda ya yi iƙirarin laifin haddi yana da damar janyewa, kuma in ya janye ba a tsayar masa da haddi. Na biyu, Malikiyya ta yarda da kwantaccen ciki, wato ciki na iya daɗewa har shekara biyar, don haka macen da ta haihu cikin wannan wa'adi bayan saki ana iya jingina ɗan ga tsohon mijinta. Na uku, alƙalin farko ya zauna shi kaɗai, alhali dokar jihar ta ce ya zauna da mataimaka. Ranar 25 ga Satumba 2003 alƙalai huɗu cikin biyar suka sallame ta. Kafin ita, a Maris 2002, kotun Sakkwato ta sallami Safiya Husaini.

Likita zai ce ciki ba ya shekara biyar, kuma masu nazari sun tattauna wannan sosai. Da yawansu suna ganin malaman da suka ajiye wannan hukunci suna kare nasabar yaro ne da ran uwarsa, bisa ƙa'idar da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani cewa shubuha tana tunkuɗe haddi. Ko ma mene ne, abin da ya bayyana shi ne alƙalin da ya yi zurfi ya fi wanda ya tsaya a gefe sassauci. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a kotu kuwa wuyan wani yake shaƙewa.

Jami'o'i sun yi aiki a wannan lokaci. Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta tsara kundi guda da zai daidaita na jihohin. A Jami'ar Jos kuma, Philip Ostien da tawagar masu bincike Musulmi da Kirista sun tattara dokoki, rahotannin kwamitoci da bayanan shari'o'i na 1999 zuwa 2006, suka wallafa su cikin mujalladi biyar a 2007. Ba don irin wannan aiki ba, da yawancin takardun sun salwanta, da kuma kowa sai ya faɗi abin da ya ga dama game da abin da ya faru.

Manufofin shari'a, da haɗarin fakewa da su

Fannin da ya fi tashe a jami'o'i yanzu shi ne maƙasid, wato manufofin da shari'a ta zo ta kare. Imam Gazali ya lissafa guda biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya faɗaɗa bayanin a littafinsa Muwafaƙat, sannan Ibnu Ashur na Tunisiya ya farfaɗo da fannin a 1946. Su biyun nan Malikawa ne, don haka ilimin ba baƙo ba ne a mazhabarmu.

Amfaninsa shi ne yana ba malami ma'auni idan sabon abu ya taso. Da shi ake duba dashen ƙoda, ƙarin jini, rigakafi da gwajin jini kafin aure. Haɗarinsa kuma shi ne wanda bai ƙoshi da nassi ba yana iya ɗaukar abin da ransa ke so ya kira shi maslaha. Shaɗibi kansa ya gindaya cewa sai wanda ya ƙware a Larabci da nassoshi ne zai shiga wannan fage. Manufa tana haska nassi, ba ta share shi.

Inda nazarin ke taɓa aljihu da gida

Ɗauki gado. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, mahaifiya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Bayan an yi masa sutura an biya bashi, naira 2,400,000 ta rage. Matar tana da tumuni, 300,000. Mahaifiya tana da sudusi, 400,000. Ragowar 1,700,000 a kasa biyar, kowane namiji ya ɗauki 680,000, mace ta ɗauki 340,000. Wannan duk ɗalibin Risala zai raba shi. Amma a ce mamacin ma'aikaci ne, yana da kuɗin fansho da na sallama, ya rubuta sunan ɗa guda a matsayin magajinsa a takardar banki, yana da gidan da bai gama biya ba, akwai kuma jikoki marayu da ubansu ya riga kakan rasuwa. Shin sunan da ke takardar banki mallaka ce ko amana? Me za a yi wa jikokin da 'yan'uwan ubansu suka shamakance? Masar ta amsa ta ƙarshen a 1946 da dokar wasiyya ta wajibi, wadda ke ba irin waɗannan jikoki rabo da bai wuce sulusi ba, wasu malamai kuma ba su gamsu da ita ba. Irin waɗannan tambayoyi ne ke raba zumunci a gidajenmu, kuma bincike ne kaɗai zai warware su.

A harkar kuɗi ma haka. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Kowane ɗayan waɗannan bankuna yana da kwamitin malamai da ke tantance yarjejeniyoyinsa, Babban Bankin Najeriya ma yana da nasa. Duk da haka masana tattalin arzikin Musulunci da kansu suna sukar yadda bankuna suka raja'a a kan murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar maka da riba a biya sannu a hankali, suka yi watsi da haɗin jari da ake raba riba da asara. Suna tambaya ko an kauce wa kuɗin ruwa da gaske, ko suna kawai aka sauya. Tambaya ce mai nauyi, kuma sai wanda ya san fiƙihun ciniki ya kuma iya karanta lissafin banki zai amsa ta.

Saboda mutum ɗaya ba zai haɗa duk waɗannan fannoni ba, aka koma ijtihadin taro. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda, wadda ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince da kafawa a 1981, tana zaunar da malamai da likitoci da masana kuɗi a teburi ɗaya. A 1986 ta yi matsaya kan mutuwar ƙwaƙwalwa, a 1988 kuma kan dashen sassan jiki.

Dokar iyali ita ce ta fi zafi. Masar ta ba mace damar hul'i ta hannun kotu a 2000. Maroko, wadda Malikiyya take bi kamar mu, ta sabunta dokar iyalinta a 2004, ta sa saki da ƙarin aure ƙarƙashin kulawar alƙali. A Kano, Sarki Muhammadu Sanusi II ya sa malamai sun tsara daftarin dokar iyali wanda ya jawo muhawara mai zafi a 2017. A Nijar an yi ta yunƙurin kafa dokar iyali ana janyewa saboda adawar ƙungiyoyin addini, kotuna kuma suna amfani da hukuncin Musulunci ne a matsayin al'adar masu shari'a. A Najeriya kuwa Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Alkamawa da Bello ta 1998 cewa shari'ar Musulunci ba al'adar wata ƙabila ba ce, doka ce rubutacciya mai zaman kanta.

Giɓin da ya rage mana

Babbar matsalarmu ita ce gidajen ilimin biyu ba su cika shiga juna ba. Jami'o'in Zariya, Bayero, Usmanu Ɗanfodiyo, Maiduguri da Ilori suna yaye lauyoyin da suka haɗa shari'a da dokar ƙasa, amma da yawansu da Turanci suka karanci fiƙihu, in aka miƙa musu littafin Larabci irin sharhin Dasuƙi sai gumi. A can zaure kuma akwai malamin da ya haddace Muhtasar, amma bai san sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ba, wanda ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran aure, gado, wasiyya, waƙafi da riƙon yara. Na farko yana kallon na biyu a matsayin wanda zamani ya bari, na biyu yana kallon na farko a matsayin ɗan boko mai karambani. Asarar tana komawa kan mai ƙara.

Sai matsalar harshe. Ana shari'a da Hausa, littattafan hujja da Larabci, dokoki da rahotannin manyan kotuna da Turanci. Kundayen digiri da ke magana kan saki, ciyarwa da gadon mata suna jibge a ɗakunan karatu, ba a mayar da su Hausa ba balle su kai ga alƙalin ƙauye ko matar da abin ya shafa. Rubuce-rubucen kakanninmu da rajistocin alƙalai da ke Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato suna jiran masu bincike, takarda kuwa ba ta jure gara da damina har abada.

Akwai kuma ƙarancin alƙaluma. Kowa yana cewa saki ya yi yawa, amma kotuna nawa ne ke tattara bayanan da za su nuna dalili, da shekarun auren, da makomar yaran? Malamin da zai ba da fatawa kan al'umma yana buƙatar sanin halin da take ciki kamar yadda yake buƙatar sanin nassi.

Me ya rage gare ka?

In ka ji hukunci a rediyo ko a waya, tambayi abu uku: daga wane littafi, a wace mazhaba, kuma akwai wata magana ban da wannan? Ka bambance fatawa da hukuncin alƙali, domin fatawa bayani ce da ba ta tilasta kowa, hukuncin kotu kuwa yana ɗaure wanda aka yi wa, kuma ana ɗaukaka ƙara a kansa. Kada ka yi watsi da bincike don Bature ne ya yi, kada kuma ka haɗiye shi don daga jami'a ya fito. Duba hujjarsa.

Masu hali kuma su san cewa ɗaukar nauyin ɗalibin da zai haɗa Muhtasar da digirin lauya, ko biyan kuɗin fassara bincike zuwa Hausa, ko horar da alƙalan ƙananan kotuna, hidima ce ga shari'a kamar gina masallaci. Jama'ar da ta fito tituna tana neman shari'a a 2000 adalci take nema, kuma adalci ba ya samuwa sai alƙali ya san hukunci, ya san sharuɗɗansa, ya kuma san halin mutanen da ke gabansa. Samar da irin wannan alƙali aikin zaure ne da jami'a tare, kuma nauyin ganin sun haɗu yana wuyan gwamnatocin jihohi, sarakuna, malamai da duk wanda wata rana zai iya tsayawa gaban kotu.